Jini da maki: shekara 50 wani wasan Amurka yana gyara jadawalinsa

Duk uban da ya taɓa leƙa wayar ɗansa ya ga irin wasannin nan da ake fara su da zaɓe: wane ne kai, daga wane jinsi ka fito, mene ne ƙarfinka. Yaro ya latsa wani ƙato mai haure, sai lambobi su fito, ƙarfi kaza, basira kaza. Wannan tsari ba a waya aka haife shi ba. Ya samo asali ne daga wani wasan takarda da fensir mai suna Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974. Ba wasanmu ba ne a nan Agadas, amma tarihinsa ya shafe mu, mu malamai da iyaye, domin tambayar da masu shi suka kwashe shekara 50 suna kokawa da ita tsohuwar tambayarmu ce: me mutum yake gada a jini, kuma ina iyakarsa?

Wasan kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraro su ne jaruman. Mutum huɗu ko biyar su zauna, ɗaya ya zama jagora yana ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. In abu na da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wadda aka fi amfani da ita mai fuska 20 ce. Kowane jarumi yana da halaye shida da ake auna su da lamba daga 3 zuwa 18: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Yana kuma da sana'a, yana hawa mataki-mataki kamar yadda ɗalibi ke tashi daga aji zuwa aji.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka rubuta shi, kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga kwafi 1,000 a karon farko, ƙananan littattafai uku cikin kwali, kan dala 10. Jinsi huɗu ne ɗan wasa zai iya zaɓa: ɗan Adam, wada, elf, wato wata halitta mai kama da mutum mai tsawon rai, da hobit. Akasarinsu daga littattafan marubucin Ingila J.R.R. Tolkien aka aro su, har a 1977 masu haƙƙin mallakar ayyukansa suka yi barazanar kai ƙara, dole aka sauya wa hobit suna zuwa haflin. Ke nan wannan gyara da aka yi wa jinsi a wasan na lauyoyi ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bugun 1974 shi ne iyaka. Wada ba shi da sana'a sai yaƙi, kuma mataki na 6 ne ƙarshensa. Hobit yana tsayawa a na 4. Elf ya kai na 4 a yaƙi, na 8 a sihiri. Ɗan Adam kaɗai ne ba a gindaya masa komai ba. Komai ƙwazon ɗan wasa, komai dare nawa ya kwashe, in ya zaɓi wada to an gama rubuta inda zai tsaya tun bai jefa ƙwaya ko sau ɗaya ba. Hujjar Gygax ita ce sauran jinsunan suna farawa da baiwar da mutum ba shi da ita, kamar gani a duhu, in ba a taka masu birki ba babu mai zaɓen ɗan Adam, kuma shi duniyar da mutum ke mulki yake so. Hujja ce ta daidaita wasa, na yarda. Amma a dubi hanyar da ya bi: bai ƙara wa na gida komai ba, sai ya rufe wa baƙo ƙofa.

A 1978 aka fito da babban littafin ƴan wasa na Advanced Dungeons & Dragons, jinsuna suka zama bakwai, jadawali ya yi yawa. A nan ne ruwa-biyun ork ya shigo, wato ɗan da aka haifa tsakanin mutum da ork, dodannin nan da wasan ya ɗauka mugaye ne tun daga haihuwa. An ƙara masa 1 a ƙarfi da 1 a juriya, an zabge masa 2 a kwarjini. Kwarjininsa ba zai wuce 12 ba, hikimarsa ba za ta wuce 14 ba. In ya zama malamin addini, mataki na 4 ne iyakarsa. Sana'a ɗaya tak aka bar masa babu iyaka, kisan haya. Wada da elf da haflin kuwa, tasu sana'ar marar iyaka sata ce. Mata ma ba su tsira ba: namijin haflin zai iya kai 17 a ƙarfi, macen 14. Har wani jadawali aka yi na wane jinsi ke ƙaunar wane, wa ke jure wa, wa ke ƙin wa.

Wannan jadawali na ƙarshe yana ba ni dariya, domin mu ma muna da namu, sai dai namu ya fi wayo. Wasan taubasai tsakanin Barebari da Fulani, ko tsakanin Zabarmawa da Abzinawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, ya ɗauki tsohuwar tsama ya mai da ita raha mai doka: ka zagi taubashinka son ranka, amma ba ka da ikon cutar da shi. Na Gygax ƙiyayyar kawai ya rubuta.

Bugu na biyu ya zo a 1989, lokacin da iyaye da majami'u a Amurka suka taso wasan a gaba da zargin tsafi. Wata uwa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983 bayan ɗanta ya kashe kansa. Kamfanin ya tsorata, ya cire kalmomin shaiɗanu da iblisai, ya cire sana'ar kisan haya, ya cire ruwa-biyun ork daga babban littafi. Iyakar ƙarfin mata ta tafi ba tare da hayaniya ba. Iyakar mataki kuwa an ɗan ɗaga ta ne kurum, aka bar ta. Iyayen sun ga zanen shaiɗan sun firgita, amma layin da ke gaya wa yaro cewa wasu an haife su da rufi a ka bai dami kowa ba. Ina jin mu ma haka muke duba littafin yaro, hoto muke nema.

A nawa ganin, gyara mafi girma a duk tarihin nan shi ne na shekarar 2000. TSR ya durƙushe, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, sabbin marubuta suka fito da bugu na uku. Suka share iyakar mataki baki ɗaya, suka ce kowane jinsi zai iya kowace sana'a. Matsalar Gygax kuma suka warware ta ta ɗaya ɓangaren: aka ƙara wa ɗan Adam ƴar baiwa da ƙarin ƙwarewa, aka ƙyale kowa ya hau iya hawansa. Wasan bai rushe ba, kasuwarsa ma farfaɗowa ta yi. Shekara 26 ana cewa dokar dole ce, ashe ba dole ba ce. Sai dai ruwa-biyun ork ya dawo da tabo: ƙarin 2 a ƙarfi, ragin 2 a basira, ragin 2 a kwarjini.

Bugu na huɗu a 2008 ya daina ragin maki. Na biyar a 2014 ya zo da jinsuna tara, amma wani littafin ƙari na 2016 ya sake zabge wa ork 2 a basira. Bayan kisan George Floyd a watan Mayun 2020, kamfanin ya fitar da sanarwa a watan Yuni yana amincewa cewa yadda ya siffanta ork da duro, wasu elf masu baƙar fata da aka ce mugaye ne duka, ya yi kama da yadda aka daɗe ana ɓata wasu al'ummu na zahiri. Aka soke ragin, aka ba ɗan wasa damar sa ƙarin makinsa inda yake so. Duk da haka a 2022 suka sake tafka wata: wani littafi ya kawo mutane masu siffar biri waɗanda wani boka ya ba basira don ya sayar da su bayi. Suka ba da haƙuri, suka goge. A watan Disamba na shekarar suka ce sun bar kalmar "race", wadda masu Faransanci ma suka san nauyinta, sun koma "species", kalmar da ake rarrabe dabbobi da tsirrai da ita.

Masu adawa da waɗannan gyare-gyare suna cewa ork ƙage ne, ba wanda ya taɓa haɗuwa da shi a kasuwa, kuma in kowa ya zama ɗaya wasa ya yi lami. Rabin maganar gaskiya ce: ba laifi ƙato ya fi wada tsawo. Amma tsawo daban, basira da nagarta daban. Mu nan mun san yadda jadawalin basira da nagarta yake aiki a kan mutane masu rai. Al'ummar Abzin ta daɗe da matakanta: imajeghan masu sarauta da takobi, ineslemen malamai, imghad, inadan maƙera, da iklan waɗanda aka bautar. Baturen Ingila Francis Rodd, da ya zagaya Abzin ya fitar da littafinsa a 1926, ya ɓata shafuka yana neman jingina wannan bambanci ga asali da jini. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bautarwa babban laifi, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani. Akwai kuma abin da dattawa ke ba da labari har yau: da Faransawa suka nemi yara a sa lakwal, manya da yawa suka ɓoye nasu suka tura ƴaƴan bayinsu. Waɗannan yara ne suka dawo malamai da ma'aikata. Rufin da aka ce jini ne ya sa shi, alli da allo suka huda shi cikin zamani ɗaya.

Sabon littafin da ya fito a watan Satumban 2024 yana da jinsuna goma, ork ya zama cikakken ɗan gari, mai yawo, ba dodo ba. An yi ta yabo. Ni abu biyu ne ba su kwanta mini ba.

Na farko, an cire ruwa-biyun elf da ruwa-biyun ork daga littafin. Na gane cewa kiran mutum "rabi" ba daɗi. To amma a gari irin namu, inda ayari ya haɗa Bahaushe da Ba'abzine da Balarabe da Batube shekaru ɗaruruwa, yaron da uwarsa ke masa Tamajak ubansa na masa Hausa ba abin mamaki ba ne, shi ne rabin ajina. Sunan ne ke da matsala, sai aka kori mai sunan.

Na biyun ya fi. Ƙarin makin da a da jinsi ke bayarwa, yanzu tashin mutum ke bayar da shi, wato rayuwar da ya fito daga cikinta. Akwai guda 16, kowanne da halaye uku da zai iya ƙarawa. Ɗan sarauta: ƙarfi, basira, kwarjini. Mai sana'ar hannu: ƙarfi, zafin nama, basira. Manomi: ƙarfi, juriya, hikima. A sake dubawa: manomi ba shi da ƙarin basira, ba shi da na kwarjini, ɗan sarauta yana da duka biyun. Ga Ba'amurke wannan ci gaba ne, tunda shi a ganinsa sana'a zaɓi ce, yau kana noma gobe kana wani abu. A wurinmu kuwa, inda ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, inda maƙerin da ke zuba azurfar kuros ɗin Agadas ɗan maƙeri ne jikan maƙeri, kuma har yau akwai gidajen da ba za su ba shi aure ba, sana'a da jini kusan abu ɗaya ne. Sun fito da jadawalin ta ƙofa, ya dawo ta taga, kuma a siffar da muka fi sani.

A makarantar horon malamai muna koyar da binciken Robert Rosenthal da Lenore Jacobson na 1968. An gaya wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara na gab da bunƙasa, alhali da ka aka zaɓo sunayen, kuma a ƙarshen shekara yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, suka fi sauran ci gaba a gwaji. Masana sun yi ta gardama kan girman tasirin, amma duk wanda ya riƙe aji ya san malami yana ƙara wa wani 2 ya rage wa wani 2 tun kafin a buɗe littafi: wa ake kira allo, wa ake jira ya gama tunani, wa ake ce wa ya je ya share fili. Takardar rajistar ɗalibi tana da gurbin sana'ar uba, dole a cike shi domin hukuma na buƙata. Abin da nake roƙon ɗalibaina malamai su yi idan sun karɓi aji shi ne su bar wannan takarda a ofishin darakta, kada su karanta ta sai sun gyara jarrabawar farko, kuma su gyara ta da sunayen a naɗe.