Faifan da aka raina jiya

Sa'ad da nake yaro a Maraɗi, mahaifinmu yana da akwatin ƙarfe cike da faya-fayan garmaho. Da kaset ya shigo, sai aka manta da su. Mu yara muka riƙa gara su a tsakar gida, wasu rana ta lanƙwasa su, ɗaya kuwa ya zama murfin tulu. Na tuna da akwatin nan ne da nake karanta tarihin masu tara faya-fayan kiɗan rok na gwaji, wato na makaɗan da suka bar hanyar da aka saba suka nemi sabon sauti.

Babban faifai mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da shi a Amurka a 1948. Ana yanka sautin a kan faifan asali, a yi masa hatimin ƙarfe, da shi ake danna sauran. Hatimin yana cinyewa da aiki, shi ya sa masu tarawa suke neman bugun farko. Suna gane shi da lambobin da aka zana kusa da tsakiyar faifan da kuma irin bangonsa.

A 1967 ƙungiyar The Velvet Underground ta birnin New York ta fitar da faifanta na farko tare da mawaƙiya Nico. Mai zane Andy Warhol ya sa hoton ayaba a bango, wadda ake iya ɓare ta. Faifan bai yi kasuwa ba a lokacin. Yau wanda ba a ɓare ayabarsa ba ya fi tsada nesa. A 2002 wani ɗan Kanada ya sayi faifan gwaji na ƙungiyar, na 1966, a wata kasuwar gwanjo ta New York, kan kuɗin da bai kai dalar Amurka ɗaya ba. A 2006 an saye shi sama da dala 25,000.

A Jamus ma haka. Ƙungiyar Can, wadda biyu daga cikinta suka yi karatu wurin Stockhausen, ta buga faifanta Monster Movie a 1969, guda 500 kacal a bugun farko. Ƙungiyar Faust kuwa a 1971 ta fitar da faifai garai-garai kamar gilashi. Dalilin tsadarsu a fili yake: an buga kaɗan, mutanen zamanin ba su kula ba, sai daga baya aka gane darajarsu, lokacin da akasarinsu sun salwanta.

Kada mu ce wannan labarin Turawa ne kawai. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka buga kaset kaɗan ƙwarai. Mun girma muna jin sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawanmu ba mu san sunansa ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, duniya ta saurara.

Ba ina cewa kowane tsohon faifai dukiya ba ne, akasari ba su da tsada. Amma kowane ɗaya shaida ne na abin da iyayenmu suka ji. In kuna da su a gida, ku jera su a tsaye, cikin inuwa, kada yatsa ya taɓa layukansu. Ni dai na ba ɗalibaina aiki: kowa ya tambayi kakansa wane faifai ko kaset ya rage masa, ya rubuto sunan mawaƙin da shekarar. Na mahaifinmu, ko sunan guda ban iya kawo muku ba.