Dutsin-Ma: Garin da Hukuma ta Ɗaga

Duk wanda ya dubi taswira zai ɗauka ruwa ne ya yi Dutsin-Ma. Kogin Karaduwa na ratsa ƙasarta kafin ya haɗe da Bunsuru su nufi Rima, ga fadamu, ga kuma madatsar Zobe a kudancin gari. Amma tarihin wurin ya fi nuna cewa sarauta da gwamnati ne suka ɗaga shi, ruwa daga baya ya biyo.

Asalin zaman ma ba a bakin kogi ya fara ba. Labarin baka yana cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a gindin dutsen da garin ya ci sunansa, kuma ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, a zamanin yaƙe-yaƙe mutane tsaro suke nema kafin dausayi. Abin da ya ba garin nauyi shi ne zamansa mazaunin Yandakan Katsina, sarautar zuriyar Malam Muhammadu Na Alhaji, ɗaya daga cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina tare da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa. Inda hakimi ya zauna, nan alƙali da malaman haraji da 'yan kasuwa suke taruwa. A 1976 garin ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma, daga baya aka kawo kwalejin horon malamai mai ɗauke da sunan Isa Kaita, sannan jami'ar tarayya a 2011. Ɗalibai da ma'aikata ne suka cika unguwannin da jiya gonaki ne.

Wani zai ce ai Zobe ma ba ƙaramin abu ba ce, kuma da gaskiyarsa: masunta da masu noman rani sun ci moriyarta. Sai dai an gama ginin madatsar tun 1983, zamanin Shagari, da niyyar shayar da dubban kadada, amma akasarin hanyoyin ban ruwan ba a yi su ba, kuma sai a 2021 Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan shan da aka jingina da ita. Shekara kusan arba'in ruwa na kwance, garin kuwa bai fasa bunƙasa ba. Da ruwan ne ke ɗauke da shi, da ya tsaya cik tare da aikin.

Kurfi ma shaida ce. Maƙwabciya ce, damina ɗaya, gero da dawa iri ɗaya, kuma hakiminta, Maraɗin Katsina, ba ƙaramin basarake ba ne. Daga nan Amadu Kurfi, tsohon sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa, ya fito. Amma ta daɗe ƙarƙashin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma kafin a ba ta tata, kuma ofisoshi da manyan makarantu duk a Dutsin-Ma suka sauka, kasuwa da gidajen haya suka bi su.