Radiyam: Hasken Da Ke Warkarwa, Yake Kuma Kashewa

Tsofaffin ɗalibai 'yan zamaninmu ba za su manta da agogon nan da lambobinsa ke ƙyalli cikin duhu ba. A wancan lokaci duk wanda ya ɗaura irinsa a kasuwar Kazaure ko Babura, to, ya zama abin kallo. Ni a nawa ganin, tarihin abin da ya fara ba irin wannan agogo haskensa ya cancanci mu waiwaye shi, domin akwai darasi a ciki. Sunansa radiyam.

A watan Disamba na 1898 ne Marie Curie da mijinta Pierre suka gano shi a birnin Faris. Sai da suka shafe shekara huɗu suna dafa tulin dutsen yuraniyam kafin suka samu kashi ɗaya cikin goma na giram a 1902. Ba da jimawa ba likitoci suka lura cewa tururin da yake fitarwa, wanda ido ba ya gani, yana ƙona ƙarin ciwon daji. Nan take ya fi zinariya tsada nesa ba kusa ba. A 1921 matan Amurka suka tara dala 100,000 domin saya wa Marie giram ɗaya tak. Farashin bai sauko ba sai daga 1922, da Turawan Beljiyam suka fara tace dutsen da aka haƙo a Shinkolobwe ta ƙasar Kwango. Ashe da arzikin Afirka aka yi wa Turai magani.

To, amma in ana dara fid da uwa ake yi. Daga 1917 wani kamfani a garin Orange na Amurka ya ɗauki 'yan mata aikin shafa wa agogo fenti mai radiyam, aka koya musu lasar burushi don bakinsa ya yi tsini. Shi kuwa radiyam, in ya shiga jiki ƙashi yake nufa ya zauna. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu. Biyar daga cikinsu suka kai ƙara, aka biya su diyya a 1928. Ita ma Marie cutar jini ce ta yi ajalinta a 1934, kuma har yau takardunta a cikin akwatunan darma ake ajiye su, domin sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfin radiyam ke raguwa.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin na nesa ne. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Babura, kuma tulin ƙasar da ake zubarwa bayan tacewa yana ɗauke da radiyam. Haka kuma tsohon agogo na kafin shekarun 1960, ko da haskensa ya dushe, dafinsa na nan. Kada a buɗe shi, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Ta fuskar magani kuwa, tun daga 1951 sinadarin kobal ya fara maye gurbinsa, daga baya na'urorin lantarki suka biyo. Wannan ne aikin da muke kira gashi, wanda akan tura majinyatanmu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin a yi musu. Abin da ke damuna shi ne yadda a Roni da Gwiwa da sauran garuruwanmu ake ɓoye ƙari a nono ko wani sashe na jiki, sai ya ci ƙarfin mutum sannan a nufi asibiti. Gashi ya fi amfani in an zo da wuri.

Abu ɗaya ne ya warkar a hannun masani, ya halaka waɗanda aka ɓoye wa gaskiya. Saboda haka ya zama wajibi mu da muka yi karatu mu wayar da kan iyayenmu da 'yan'uwanmu, mu kuma ƙarfafa wa ƙannenmu gwiwar karatun kimiyya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.