Daga Ɗanyen Siliki Zuwa Bangon Banɗaki

Makon jiya mai fenti ya ce min, "Yallaɓai, greige ake yayi, shi za mu shafa wa banɗakin nan." Wato tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa. Sai na bi salsalarsa.

Daga Faransanci kalmar ta fito: grège, silikin da ba a rina ba. Giorgio Armani, wanda ya kafa kamfaninsa a Milan a 1975, shi ya ɗaukaka launin a jikin kwat. Daga baya dillalan gidaje a Amurka suka rungume shi, don ba ya korar mai saye.

To ni fa ba sayarwa zan yi ba, zama zan yi. Ku fa, wa ya zaɓa muku launin bangonku?