Kunyar Ɗan Fari da Rabon Uba a Renon Yara

Duk wanda ya zauna da dattawan ƙasar Hausa ya saurari labarin zamaninsu, ya san cewa magidanci a da, komai tsananin ƙaunar da yake yi wa ɗansa na fari, ba ya ambaton sunansa, ba ya ɗaukarsa a bainar jama'a, ba ya kuwa yarda a same shi yana yi masa wasa, domin a wurin mutanen wancan lokaci yin haka rashin kara ne da ƙarancin ladabi ga magabata. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, wadda Hausawa da Fulani suka yi tarayya a cikinta, ta hau kan uwa da uba baki ɗaya. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, aka buga shi a Ingila a 1954, ta yi bayanin wannan al'ada da ta riƙo, ita kanta kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yan wasu ta riƙe.

Amma kada a zaci cewa uban da sakaci yake yi da haƙƙin ɗansa. Shi ne mai yin huɗuba a kunnen jariri, shi ne mai tanadin itacen wankan jego da kayan ƙauri, shi ne mai kawo ragon suna ran kwana bakwai, ya sallami ungozoma da wanzami. Illa iyaka, goyo da wanka da rarrashi da ba da abinci a baki, waɗannan an bar wa cikin gida, shi kuwa mazauninsa zaure, har sai yaro ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, an yi masa kaciya, sa'an nan ya fara bin ubansa gona, ko maƙera, ko bakin marina, ya koyi sana'a da zaman duniya ta wurin kallo da saurare.

Abin da ya sa wannan tsari bai cutar da yara ba shi ne gandu. A babban gida inda uba da 'ya'yansa masu aure suke noma gona ɗaya, suke ci daga rumbu ɗaya, jariri ba ya rasa hannu: ga kaka wadda ake kai mata yaye bayan kamar shekara biyu, ga kakansa namiji wanda al'ada ta halatta masa wasan da ta hana uba, ga baffa da gwaggo da 'yar raino. Sakewar da yaro bai samu wurin mahaifinsa ba, yana samunta wurin wani namijin na jininsa a cikin gida ɗaya.

Ya kamata kuma a rarrabe tsakanin al'ada da shari'a. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda almajirai suke karanta shi a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya ba uwa da danginta mata fifiko a haƙƙin reno, ya ɗora nafaƙa a wuyan uba, amma bai umarci uba da nisantar ɗansa ba. Ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama 'yar Zainab, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya ga ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Manzo ya nuna masa cewa rahamar Allah tana tare da mai jin ƙai. A nan ƙasarmu ma, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta fara shan ilmi ne a gidan mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zargi malaman da suke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

To, sai zamani ya taɓa gandu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, haraji ya koma na kuɗi, cin rani da aikin albashi suka janye samari zuwa birane, sannu a hankali kowa ya ware tukunyarsa. Shirin ilmin firamare ga kowa na 1976 ya ƙara kai 'yan raino makaranta. Yau ga ango da amarya a ɗakin haya a Kaduna ko Maraɗi, kaka tana can ƙauye, kunya ta biyo su, amma hannuwan da suke cike giɓinta ba su biyo su ba.

Masu binciken tarbiyyar yara sun auna tasirin kusancin uba da ɗansa. A 2008 Anna Sarkadi ta Jami'ar Uppsala da ke Suwidin, ita da abokan aikinta, suka tattara bincike 24 da aka bi yara shekara da shekaru, 22 daga ciki suka nuna amfanin kusancin uba, a jimlace kuma aka ga cewa uban da yake hulɗa da ɗansa a kai a kai yana rage wa yara maza munanan ɗabi'u, yana rage wa 'yan mata damuwar zuci in sun girma, yana kuma taimakon kaifin fahimta. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 na haihuwa a 2021, amma kwana 14 ba su yin tarbiyya.

Kunya ado ce, ba mai son a zubar da ita. Magidanci yana iya ci gaba da sakaya sunan ɗan farinsa don girmama iyayensa. Amma tun da kakan da yake ɗaukar yaro a madadinsa ya yi nisa, wajibi ne ya ɗauki ɗansa da kansa, ya ba shi abinci, ya yi masa magana tun bai iya amsawa ba, ya kai shi asibiti ran da jikinsa ya yi zafi, domin kiwon da Allah Ya ba shi ne, kuma shi za a tambaya a kansa ranar hisabi.