Sam Okoye da Mataccen Tauraron da Ya Ji Motsinsa

Da daddare a lokacin hunturu, idan an ɗauke wuta a Angwan Iya da ke Keffi kuma hazo ya ɗan lafa, duk wanda ya ɗaga kai bayan sallar isha'i zai ga Kaza da 'Ya'yanta sun taru wuri guda. Ɗan gabas da su akwai wani gurbi da ido ba ya ganin komai a cikinsa. Daga wannan gurbin ne tarihin ilmin taurari na zamani ya soma a Najeriya.

A watan Yulin 1054 masu duban sama a ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana a wurin, haskensa har da rana ana ganinsa, kwana 23 a jere. Ashe wani ƙaton tauraro ne ya fashe. Ɓurɓushinsa na nan har yau kamar gajimare, Turawa suka sa masa sunan ƙaguwa saboda wani zanensa da aka yi da ya yi kama da ita. Haskensa kan yi tafiyar shekara kusan 6,500 kafin ya iso mana.

Duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomi ya san taurarin da ke shelar damina, kuma Katsina ta haifi Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma sauraron sama da na'ura, wannan sai da aka jira wani yaro daga Amawbia ta jihar Anambra ta yau.

An haifi Samuel Ejikeme Okoye ranar 26 ga Yulin 1939. Ya karanta kimiyyar fiziks a kwalejin jami'a ta Ibadan, ya fita da sakamako mafi daraja a 1962, sannan ya wuce Kambirij a Ingila. Can ya shiga hannun Antony Hewish, a cibiyar Mullard, inda ba a duban taurari da madubi. Wayoyi ake shimfiɗawa a fili suna kama igiyoyin rediyon da sama ke aikowa, alƙalamin na'ura yana zana su a doguwar takarda.

A nan Okoye ya karkata ga gajimaren ƙaguwa. Ya lura cewa a can cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai tsananin ƙarfi, wanda siginarsa ke ƙyaftawa yadda tauraro ke ƙyaftawa a ido. Ƙyaftawar ita ce shaida: babban abu ba ya yin haka, sai ƙarami matuƙa. To wane irin ƙaramin abu ne zai yi wannan ƙara? Shi da Hewish suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1965, suna cewa wataƙila ragowar tauraron da ya fashe ne. A shekarar ya sami digirinsa na uku, ana kuma lissafa shi baƙar fatar Afirka na farko da ya samu a wannan fanni.

Sai ya tattara ya dawo gida. Shekara biyu bayan haka, a 1967, wata ɗaliba a hannun Hewish ɗin, Jocelyn Bell, ta gano irin taurarin da ake kira falsa: gawar tauraro da ta dunƙule, faɗinta kusan kilomita 20 ne, tana juyawa tana watsa sigina kamar fitilar motar asibiti. A 1968 aka gano akwai irinta a cikin ƙaguwa, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa guda. Ita ce abin da Okoye ya ji motsinsa tun ba ta da suna. Hewish ya karɓi kyautar Nobel a 1974, ya kuma ambaci Okoye a jawabinsa. An daɗe ana muhawara kan yadda aka tsallake Bell a wannan kyauta. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a shekarar da ake wannan gano-gano a Kambirij, Okoye yana Nsukka, garin da yaƙin basasa ya fara cinyewa.

Bayan yaƙi bai koma Turai ya zauna ba, ko da yake ƙofa a buɗe take. A 1972 ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya yi ta fafutukar kafa faranti mai sauraron sama a can. Kuɗi da kayan aiki ba su taɓa kai burinsa ba. Abin da ya fi dawwama shi ne mutanen da ya horar. Cikinsu akwai Pius Okeke, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta Nsukka. Wanda duk ya yi ajin kimiyya a sakandare, ko a Kwalejin Gwamnati ta Keffi ko a wata, da wuya bai taɓa rungumar littafin fiziks na Okeke ba. Ke nan da yawanmu jikokin Okoye ne a karatu, ba mu sani ba.

Ra'ayinsa bai ɓoyu ba: ƙasa matalauciya ce ta fi kowa buƙatar kimiyya, kuma bai yarda a ce sai an ƙoshi za a dubi sama ba. Tun kafin gwamnati ta waiwayi batun yake rubutu kan yadda Najeriya za ta tsara shirin sararin samaniya daidai aljihunta. Ya shiga tarukan Pugwash na masana masu adawa da makaman ƙare-dangi. Ya kuma shafe shekaru yana rubuta wa jaridar The Guardian ta Legas sharhin kimiyya da fasaha cikin harshen da ɗan kasuwa zai gane, aikin da manyan farfesoshi da dama ke ganin ya yi musu ƙanƙanta. Daga baya ya riƙe muƙamin jami'in kimiyya a ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan.

Ya ga an kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999, wadda hedikwatarta ke Abuja, tafiyar da ba ta da nisa daga Keffi. Ya ga an harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumban 2003. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Nuwamban 2009, yana da shekara 70, a daidai watan da Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa daga gabas da magariba.