Daga Rawani zuwa Galo: Tarihin Naɗin Hafsoshin Sojan Sama a Nijar

A watan Mayu na 1899 ayarin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ya faɗa wa Birnin Ƙwanni, ya ƙone gari, ya hallaka jama'a masu yawa. Akasarin masu riƙe da bindiga a ayarin ƴan Afirka ne, amma hafsoshin da ke ba da umurni duk Faransawa ne. Kafin wannan lokaci, a ƙasar Ƙwanni da ta Adar, wadda fadarta ke Illela, sarki ne ke zaɓen mai jan daga. Yakan duba asali da jarunta, sannan ya naɗa wa mutum rawani a bainar jama'a. Da zuwan Nasara wannan iko ya bar fada, galo ya maye gurbin rawani.

Faransa ta zo da ƙa'idojinta a rubuce. Dokar 1818 ta buɗe ƙofa biyu ga mai son zama hafsa: ko ya fito daga makarantar soja bayan ya ci jarrabawa, ko ya taso daga cikin ƙananan hafsoshi bayan shekarun aiki. Dokar 1834 kuma ta ce galo mallakar hafsa ne. Ana iya sauke shi daga kujera, amma ba a tuɓe masa galo sai bisa dalilan da doka ta zana. Sai dai baƙar fata bai ci moriyar wannan tsari sosai ba, domin an daɗe ana tsayar da hafsan da ake kira "ɗan ƙasa" a matsayin kaftin.

Da ƴancin kai ya ƙarato, Faransa ta buɗe makarantar hafsoshi a Fréjus a 1956 domin ƴan ƙasashen da take mulka. Can ne Seyni Kunce da Ali Shaibu suka yi karatu, bayan sun ratsa makarantun yaran soja na Kati da Saint-Louis. Dukansu sojan ƙasa ne. Tuƙin jirgi kuwa yana bukatar wani ilimi dabam: lissafi, kimiyya, lafiyar ido da ta zuciya.

A 1961 aka kafa rundunar sojan Nijar tare da ɗan ƙaramin rukunin jirage, wanda ya fara da jiragen sufuri da taimakon Faransawa. An sake masa fasali a 1989, amma sai a 2003 ya zama rundunar sojan sama mai shugabanta na kanta. Tun da ƙasa ba ta da makarantar matuƙa a farkon al'amari, sai aka riƙa tura ɗalibai waje, musamman makarantar sojan sama ta Salon-de-Provence a Faransa. Daga baya aka samu makarantar horar da hafsoshi a Tondibiya kusa da Yamai. Ƙofofin nan biyu na 1818 su ne aka gada: mai bakaloriya ko digiri ya shiga ta gasar jarrabawa, ƙaramin hafsa kuma ya hau ta jarrabawar cikin gida.

A ƙetaren iyaka, inda ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato ke fuskantar Ƙwanni, an bi tafarkin Ingila. Najeriya ta kafa sojan samanta da dokar 1964, Jamusawa suka fara horar da su, kuma a shekarar ce aka buɗe makarantar hafsoshi ta Kaduna. Tun 1961 ta yi rabon guraben hafsoshin soja: rabi ga Arewa, kwata-kwata ga Gabas da Yamma, saboda Arewa ta makara a karatun boko. Wannan ya nuna cewa jarrabawa takan zama adalci ne kawai idan an bai wa kowa damar shirya mata.

Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ɗora wa shugaban ƙasa shugabancin askarawa da naɗin manyan muƙamansu. Daga 2011 zuwa 2021 mai riƙe da wannan alƙalami shi ne Mahamadu Isufu, haifaffen Dandaji a gundumar Illela, farar hula wanda makaranta ta ɗaga. A zamaninsa, a 2015, Laftana Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar. A 2020 kuma, tana kaftin, ta kammala horon tuƙa babban jirgin C-130 a Amurka.

Cikin ƙarni guda da ƴan kai, asali ya daina zama sharaɗi, launin fata ya daina, jinsi ma ya bi su. Sharaɗin da ya rage shi ne ilimi. Saboda haka ƙofar farko ta sojan sama ba a sansanin Yamai ko na Agadas take ba. Tana cikin ajin lissafi na Ƙwanni da Malbaza da Illela. Yaron da aka cire daga lakwal domin kasuwar iyaka, da yarinyar da aka aurar kafin ta gama kwaleji, an rufe musu ita tun ba su san da ita ba. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ne ke riƙe da mabuɗin.